Ranka Ya Daɗe, Masanin Gashi

A ƙasar Karaye da Rogo akwai wani shehin malami da har yau ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ba ya cikin jerin limamai, ba ya zama a fada, babu kuma jami'ar da ta taɓa gayyatarsa ta yafa masa alkyabba. Amma makarantarsa ta fi ta kowa rassa, don da wuya ka shiga gida daga Kurugu zuwa Yammedi, ko daga Zarewa zuwa Fulatan, ba ka tarar ana ɗaukar karatunsa ba. Maigida nake nufi, masanin gashin mata. Tunda dokar 2024 ta dawo da masarautar Karaye, ta haɗa mata ƙananan hukumomin nan biyu, da za a ji ta tawa da an ƙirƙiro masa sarauta an naɗa shi. Ko ba komai rawanin zai rufe abin da hula ta gaza rufewa.

Abin da ya fi burge ni da shi, ilmin nan a kwance ya same shi. Bai taɓa riƙe kibiya ba. Bai san shuku ba, bai san kalaba ba. Bai taɓa zama a tabarma tun hantsi har azahar, kai a cinyar makitsiya, wuya ya sage, ƙafa ta yi tsami ba. Nasa kan ya daɗe da yanke masa hukunci: duk bayan mako biyu ya leƙa wurin mai aski a kwashe shi tal-kwabo, ya kifa hula ya kama gabansa. Wanda sanƙo ya riga ya yi wa aikin ma ya huta da biyan kuɗi. Masu baƙin ciki za su ce wanzami ba ya son jarfa. Ni kuwa sadaukarwa na gani. Ya haƙura da nasa gashin kacokan ne don ya sami sukunin kula da na matarsa.

Kada a ɗauka ba shi da malamai. Yana da su, manya ma. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa mutanen Labanan suka fara kawo finafinan Indiya gidajen siliman Kano, har wani Bature mai suna Brian Larkin ya zo ya zauna ya yi bincike a kan lamarin, ya fitar da littafi a 2008. Iyayen maigida sai sun shiga birni suke ɗaukar darasi a Plaza ko Marhaba ko El Dorado. Shi kuwa karatun har gida ya iske shi: ya miƙa waya a shagon caji a tura masa fassarar Algaita, ya kishingiɗa a benci yana kallon yarinya tana gudu a kan dutse, iska na kaɗa mata gashi. Abin da fim ya rage, littattafan soyayya suka cike, inda da ƙyar za ka sami tauraruwar da gashinta bai sauko gadon baya ba, baƙi wuluk, mai santsi, kuma in aka bi salsala sai a tarar kakarta Balarabiya ce ko Buzuwa. Daga nan maigida ya fito da ma'auninsa. Dubi kuma irin tawali'unsa: duk shekarun nan da ya yi yana kallo, bai taɓa tsayawa gaban madubi ya tuhumi kansa don me bai yi kama da Sharukhan ba. Ya karɓi halittarsa hannu bibbiyu. Ta matarsa ce kawai yake ganin da sauran gyara.

Mutanen Karaye ma suna da ƙarin aji da wasu ba su da shi, don a Kusalla sansanin masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano yake. Duk lokacin da aka kawo sabon rukuni, 'yan mata daga kudu sukan sauka da gashin doki har ƙugu. Maigida yana ganinsu zai ce a'uzubillahi, ya kau da kai. Sai kuma ya sake waiwayawa, don mumini ba ya yanke hukunci a kan abin da bai tabbatar ba.

A wasu ƙasashe, Allah sarki, sha'anin gashin baƙar mace sai da ya kai ga majalisa da zanga-zanga. A Amurka an sha hana mace aiki ko a kori yarinya daga aji saboda ta bar gashinta yadda ya tsiro, har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 ta haramta wannan wariya, wasu jihohi suka bi sahu. A Afirka ta Kudu, cikin watan Agustan 2016, 'yan matan wata sakandare a Piritoriya suka yi bore don malamai sun matsa musu su miƙar da gashi, a gabansu akwai Zulaikha Patel, 'yar shekara 13. Mu Allah Ya hutar da mu da duk wannan. Gashin 'yar Rogo yana ƙarƙashin ɗankwali, ɗankwali yana ƙarƙashin hijabi, tun tana ajin farko a Islamiyya. Shugaban makaranta bai taɓa ganinsa ba, shugaban ma'aikata bai san launinsa ba. Wani wawa zai zaci abin da duniya ba ta gani mai shi ce ke da iko da shi. To, a nan hikimar take. Mun ɗauke shari'ar daga titi mun shigar da ita ɗaka, inda alƙali ɗaya ne, shi ne mai ƙara, shi ne shaida, kuma babu ɗaukaka ƙara. Samari ma in sun yi askin da bai gamshi hukuma ba, Hisbah ta sha tare su ta aske, amma wannan a bainar jama'a ake yi, har a kwana biyu ana cece-kuce a rediyo. Ta mata ba ta buƙatar mota ko kaki.

Sai mu zo ga taƙawarsa, wadda ita ce ƙashin bayan fannin. Maigida yana son gashi dogo, amma ya san ƙarin gashi haramun ne, kuma a nan ya yi gaskiya, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim: an la'anci mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Yana son ya ga ɗankwali ya yi tudu a ƙeya, amma ranar da ya gano acuci ne a ciki sai ya tuna wa'azin tozon raƙumi, ya karanto shi tas babu gargada. Wani abin sha'awa shi ne yadda haddarsa take da ladabi, ta san inda za ta tsaya. A cikin ruwayoyin hadisin ƙarin gashin akwai wadda Nana A'isha ta ba da labarin wata mata daga Ansar da ta aurar da 'yarta, gashin yarinyar ya zube, ta zo ta shaida wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa mijin ne ya matsa a ƙara mata. Aka ce a'a. Wato tun a Madina an taɓa samun miji irin namu, kuma ba a bi ra'ayinsa ba, aka bar yarinya da kanta yadda yake. Maigida bai cika kawo wannan gaɓar ba. Kunya ce ta hana shi, ba ya son a ce yana ambaton kansa a cikin karatu.

To, ga yadda lissafin ya tsaya. Dogo ake so, mai santsi ake so, ƙari haramun, acuci yaudara, wanda Allah Ya halitta kuma bai ci jarrabawa ba. Ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, kuma maigida da karamcinsa bai tura kowa ba, tsayawa kawai ya yi a bakinta yana nuni. Ƙofar ita ce rilaksa.

Ya kamata a san darajar wannan mai, don ba ƙaramin abu ne maigida ya zaɓa wa iyalinsa ba. Mai ƙarfin cikinsu da soda ake yin sa, ita dai sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita, wadda in za a jiƙa ta sai an kori yara daga tsakar gida an ɗaure hannu da leda. Wanda aka rubuta wa cewa babu soda a ciki, har da na yara mai hoton 'yan mata suna murmushi a kwali, shi ma da 'yan uwanta ake haɗa shi. Aikinsa shi ne ya karya abin da ke riƙe da nannaɗewar gashi daga ciki. In ya karye ya karye ke nan, ba ya komawa. Sai dai Ubangiji bai fasa halittarsa ba, sabon da zai tsiro a nannaɗe zai fito, don haka bayan wata biyu ko uku sai a sake. A daidai mahaɗar sabo da tsoho kuma nan gashi ke tsinkewa. Wani baƙar fatar Amurka ne, Garrett Morgan na birnin Kilibland, ake danganta wa ƙirƙiro shi a farkon ƙarni na 20, kuma labarin da ake bayarwa shi ne a jikin karen maƙwabcinsa ya fara gwadawa, har mai karen ya kasa gane abinsa. Ka ga ashe an yi gwaji, ba da ka aka fara ba.

Wanda bai taɓa ganin ana sa shi a tsakar gida ba bai san jarumtaka ba. Ba kowa ke da kuɗin salun ba, don haka ƙawa ce ko ƙanwa za ta sa leda a hannu ta lafta. Bayan ɗan lokaci kai ya ɗauki zafi. Mai kan ta fara cije leɓe tana buga ƙafa, a ɗauko mafici ana yi mata fifita. "Wayyo, a wanke mini!" "Ke dai daure, bai ci ba tukuna. So kike kuɗin ya tafi a banza?" Ta daure. In an wanke, gashi ya kwanta luf, fatar kai kuwa ta saluɓe nan da can, kwana biyu tana tsatsafar da ruwa, ɗankwali na mannewa a ciwon. Da daddare maigida ya shigo, ya haska fitilar waya, ya gyaɗa kai irin na wanda aikinsa ya yi kyau: "Yauwa, ko ke fa! Yanzu kika fito a mace." Wace ce za ta ji wannan yabo ta tuna da ƙuna?

Turawa da shisshigi sun so su ɓata wannan zaman lafiya. A watan Oktoban 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata 33,497 na kusan shekara 11. Suka ce a cikin matan da ba su taɓa amfani da man miƙar da gashi ba, ana ƙiyasin 1.64 cikin ɗari za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, a cikin masu sa shi fiye da sau huɗu a shekara kuwa 4.05 cikin ɗari. Kafin nan, a 2012, masu bincike a Jami'ar Boston da suka daɗe suna bibiyar lafiyar baƙaƙen mata sun ga alaƙa tsakanin man da ƙarin mahaifa, suka yi zargin ta ƙunar fatar kai sinadaran ke samun hanyar shiga jiki. Su kansu masu binciken sun ce alaƙa suka gani, da sauran aiki kafin a ce ga takamaiman sinadarin da ke da laifi. Duk da haka dubban mata sun kai kamfanonin ƙara, aka tattara shari'o'in a wata kotu a Shikago a 2023. Maigida da aka ba shi labari a majalisa ko gezau bai yi ba. "Ciwo na Allah ne. Wanda bai sa ba ma yana mutuwa." Wannan shi ne tawakkali na gaske. Mutumin da in zai yi wa babur ɗinsa juye sai ya juya galan ya duba hatimi, ya sansana, ya murza man a yatsa, ya tambayi makanike biyu, don kada jabu ya lalata masa inji, shi ne ya miƙa mahaifar uwar 'ya'yansa ga ƙaddara ba tare da ya karanta ko layi ɗaya a jikin roba ba. Inji na mutum ne, dole a kula. Mace kuwa ta Allah ce.

Amma ba a sanin gwanintar masani sai ranar da aka yi masa tawaye. 'Yan shekarun nan an fara samun wasu mata, yawanci waɗanda waya ta buɗe wa ido ko waɗanda kai ya gwaigwaye har suka gaji, da ke cewa sun daina. Wata ta ce ta koma nacural, wata ta ce ita dai ta bar wa Allah kayansa. Sai ta sami almakashi ta datse jelar da mai ya cinye, ta bar ɗan guntun da ya tsiro, ta koma wanke shi da karkashi tana shafa man kaɗanya. Ranar nan gidan ba ya kwana lafiya.

"Maman Ummi, lafiya? Me ya sami kanki?"

"Lafiya lau, Malam. Wanda man nan ya kashe na yanke, in bar nawa ya fito."

"Naki? Wanne ne naki?"

Ku tsaya ku auna zurfin wannan tambaya. Malaman falsafa sun yi ƙarnoni ba su kai nan ba. Shi ya biya sadaki, shi ya kai lefe da akwatin kayan shafa, ashe har akwai wani gashi a gidan da bai shiga cikin ciniki ba? Daga nan sai ya wuce ga batun izini, ya tambaya da yardar wa aka taɓa almakashi. Sai ya rufe da ɗan wasa, don shi mutum ne mai raha: in dai soson wanke tukunya yake so ya kwana kusa da shi, ai akwai a madafa. In ta yi kuka ya ce ba ta san wasa ba.

Da yake shugaba nagari ba ya yanke hukunci shi kaɗai, gari na wayewa zai kai maganar gaban majalisar ƙoli. Inna, mahaifiyarsa, ta aiko a kira ta. "'Yar nan, matso. Cire ɗankwalin in gani." Ta cire. Inna ta tafa hannu ta yi salati. "Jinya kika yi ba mu sani ba? Ko wani abin ne ya shafe ki? Ina gashin da kika yanke, kin binne ko kin bar wa maƙiya su tsinta?" Duk tambayoyi ne na ƙauna. Ita Inna, Allah Ya ƙara mata lafiya, mai bai taɓa hawa kanta ba. Da ɗan kitsonta na hannu, da man shanu da lalle, ta zauna da Malam babba shekara arba'in ta haifa masa tara, bai taɓa cewa uffan ba. Amma wannan zamaninsu ne na jahilci. Ɗanta ya fi ƙarfin abin da ubansa ya haƙura da shi.

Sai ƙannen miji su karɓa, su da dama wasa ya halatta musu abin da ya haramta ga kowa. "Matar Yaya, yau kuma ɗan samari muka samu a gidan? A kawo miki hula?" Duk wanda ya shigo sai an ba shi labari, har mai tallan nono. Ta tattara ta tafi gida ko za ta sami mai goya mata baya, ta tarar saƙo ya riga ta isa. Uwar da ta haife ta ce za ta ja ta ƙurya: "Ki rufa mana asiri. In ya ce ki sa, ki sa mana. A kan gashi za ki kashe aurenki? Mu da muka haƙura da abin da ya fi wannan?" Kafin la'asar Gwaggo ta iso da robar mai a cikin baƙar leda, da kuɗinta ta saya, don a san dangin uba ba su yi barci ba. Ƙawaye kuma su kawo nasu taimakon ta waya: "Ke wallahi kin cika ƙauyanci. In babu ne ki faɗa mu haɗa miki. Kina nan zaune za a shigo miki da mai gashi har baya." Ban san wata hukuma a jihar nan da ke haɗa kan ma'aikatanta cikin yini ɗaya haka ba. Gidan miji da gidan uba, waɗanda ba su taɓa jituwa a kan gara ko kayan ɗaki ba, yau ga su a sahu ɗaya.

Kuma kada a manta, dangin maigida masana gado ne. Ranar suna, kafin wanzami ya sa aska, sai an zagaya da jaririya hannu-hannu ana shafa kai. In sumar ta kwanta lallausa, magana ta ƙare: "Tubarkalla, namu ta ɗauko. Ai kakarmu Bafulatana ce, har zama take yi a kan gashinta." Wannan kaka kowane gida akwai ta, kuma ba a taɓa samun wanda ya gan ta da idonsa ba. In bayan wata shida sumar haihuwa ta zube, na gaskiya ya fito da ƙarfinsa, sai a sake duba littafi: "Kayya, na uwarta ne ya rinjaya." Uban yana zaune a wurin da kansa a sulɓe, babu mai iya kafa masa hujja, don ya daɗe da share shaida.

Yarinyar kuma ba za a bar ta ta girma a sake ba. Daren Sallah a kai ta gidan makitsiya, a ce a kama sosai don ya kai mata har bayan hawan sarki. A ja, a ja, har girarta ta ɗaga, idonta ya koma na mai mamaki. Ta kwana a zaune tana kuka, a jiƙa mata farasitamol. Bayan kwana uku ƙananan ƙuraje su jeru a bakin goshi. Wata likitar fata a Jami'ar Kef Tawun, Nonhlanhla Khumalo, ta duba mutanen unguwar Langa ita da abokan aikinta, suka wallafa a 2007 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan mata, da kimanin 17 cikin ɗari na 'yan mata 'yan makaranta, gaban kansu ya zube saboda ja. Suka kuma gano wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne a ɗaure kitso tamau a kan gashin da aka sa wa mai. Wato dai daidai abin da muke yi wa amarya a makon biki. In an daɗe ana yi, saiwar ta mutu, ko man me za a shafa ba ya dawowa. Shi ya sa za ka ga mace tun ba ta kai talatin ba ɗankwalinta yana ta gangarowa gaba. Maigida in ya lura sai ya ce, cikin tausayi, "Ke kuwa goshin nan naki kullum ƙara faɗi yake."

Wajen tattali kuwa sai dai a sara masa. Gashin fim yake so, amma kuɗin kitso a wurinsa bidi'a ce. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya sami amsar da ba ta tsufa: "Ke ba ki san halin da ƙasa take ciki ba?" Mai salun tana ƙona fetur a janareta kafin na'urar busar da kai ta tashi, dole ta ƙara kuɗi, wannan bai shafe shi ba. Daga ribar awara da ƙuli-ƙuli da zubin adashi ake biyan ƙa'idar da ya kafa. Ka ga ya koya mata dogaro da kai ba tare da ya buɗe baki ya yi lacca ba.

Hancinsa ma abin a yaba ne. Man shanun da yake kwararawa a miyar kuka har ya suɗe yatsa, in ya ji ƙamshinsa a matashin kai sai ya ce ɗakin warin ruga yake. Karkashi miya ce, me ya kai shi kai? Man kaɗanya na tsofaffi ne masu ciwon gwiwa. Amma a kwashi kaɗanyar nan a kai Turai, a zuba ta a kwalba mai rubutun zinare, a dawo da ita kantin Sabon Gari da tsada, sai ka ji ya ce wannan kam da gani ka san mai kyau ne. Garin cebe da matan Chadi suka gada kaka da kakanni bai zama abin kirki ba sai da baƙaƙen matan Amurka suka yi ta nuna shi a YouTube. Kitson da yake kira na ƙauye, wani mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, J. D. Okhai Ojeikere, ya fara bin irinsa da kyamara tun 1968, ya tara hotuna wajen dubu, har aka baje su a babban bikin zane-zane na birnin Benis a 2013, Turawa suna biyan kuɗi suna kallon ƙeyar matanmu. Maigida bai ji labari ba, kuma gara haka, kada a ruɗa masa ma'auni. Ga kuma Baba ta Karo, wadda ta tashi a nan yankin Zarewa, ta ba wata marubuciya mai suna Mary Smith tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Aure huɗu ta yi, kuma ta bar duniya a 1951 ba ta taɓa jin sunan rilaksa ba. Yadda aka yi maza huɗu suka nemi mace da gashin da Allah Ya ba ta, wannan sai dai a ce mazan da ba su waye ba.

Akwai dai masu taurin kai da ba sa jin magana. Wata ta sha gorin, ta mayar wa Gwaggo robarta, ta ci gaba da abinta. Ta daina kitso mai ja, ta koma manya-manya sakwa-sakwa. Ta jiƙa karkashi ta tsefe da yatsa kafin ta sa mataji, ta kwana da ɗankwali mai santsi, in hunturu ya shigo ta ƙara mai. Wata shida ana dariya. Shekara ɗaya aka rage. A shekara ta biyu ciwon fatar kai ya warke, gaban goshi ya fara cikowa, ranar tsifa gashi ya tashi dam ya cika kai, baƙi, mai kauri, makitsiya tana mita hannunta ya gaji. Ƙannen miji suka fara zagayowa suna tambaya a asirce me take shafawa.

A nan ne girman maigida yake bayyana gaba ɗaya, don ba ya riƙo, ba ya tuna baya. Ya shigo ya same ta tana taje kai a bakin ƙofa, ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya gyara zaman hula.

"Kin gani ko? Ai dama tun farko ni na ce ki rabu da man nan, ba ki ji ba."

Inna daga ɗakinta ta ɗaga murya: "Wane mai? Tuwon gidan nan ne ya karɓe ta. Da ta zo mana haka take?"